Haɗarin kwale-kwale: Darasi daga masu kwana a cikin jirgi

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife da mutane a Arewa, bayanin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Hukuma za ta ce an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima, ko an yi tafiyar dare, ko fasinjoji ba su sa rigar kariya ba. Gwamnati ta tura tawagar ta'aziyya, a raba buhunan shinkafa, a yi alƙawarin kafa kwamiti. Bayan mako biyu maganar ta bi ruwa, sai kuma ranar da wani jirgin ya sake kifewa.

Waɗannan dalilai duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba: yaushe rabon da a jawo wannan jirgi tudu, a kifa shi, a duba katakonsa da ƙusoshinsa? Wa ya duba, kuma me ya gani?

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150. Bai kai ba. Rabewa ya yi biyu a tsakiyar ruwa, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara aka yi na Bagwai a Jihar Kano, inda ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi suka nutse a madatsar ruwa ta Watari. A watan Yunin 2023 kuma, jirgin da ya kwaso 'yan biki ya daki kututture a yankin Patigi na Jihar Kwara, shi ma ya tsage, mutum fiye da 100 suka rasu.

Jirgin da ya rabe biyu ba a ranar ya fara lalacewa ba. Ya daɗe yana nuna alama, sai dai ba a samu mai kula ba.

A ganina, mutanen da suka fi kowa sanin maganin wannan matsala suna nan a cikinmu, kuma ba kasafai ake neman shawararsu ba. Su ne masunta da fataken ruwa waɗanda jirgi ya zame musu ɗaki. A ciki suke girki, a ciki suke kwana, a ciki suke ajiye duk abin da suka mallaka. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata mu dubi yadda waɗannan mutane ke riƙe jiragensu, mu kwatanta da yadda ake riƙe jiragen da ke ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu zuwa kasuwa.

Ina ruwan ɗan Sule Tankarkar da jirgi?

Mai karatu zai iya yin wannan tambaya, kuma yana da hujja. Ƙasarmu ta yashi ce. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa bakin iyakar Nijar, babu kogin da ke gudana shekara. Ruwanmu rijiya ce da burtsatse da tafkin damina. Abin hawanmu amalanke ne da babur da raƙumi.

Amma da an gama girbin gero da wake, samarinmu sai su watsu neman na kai. Wasu su gangara fadamun Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma da Guri aikin shinkafa da tattasai. Wasu su yi nisa har ƙasar Kebbi da Neja. 'Yan kasuwarmu ma sukan bi kasuwannin bakin kogi. Duk waɗannan wurare akwai inda dole sai an shiga jirgin fito kafin a ƙetare. Busasshen kifin da muke saye a kasuwar Gumel ko ta Maigatari ranar Alhamis, shi ma daga hannun mutanen ruwa ya fito.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, yaron da ya tashi a Sule Tankarkar da wuya ya iya iyo, domin bai ga inda zai koya ba. Ɗan bakin kogi idan jirgi ya kife yana da sauran dabara. Ɗan tudu kuwa lafiyar katakon da yake zaune a kai ita ce kaɗai tsakaninsa da mutuwa. Saboda haka maganar gyaran jirgi ta shafe mu, ta ma fi shafar mu.

A jiharmu ta Jigawa an sha samun kifewar kwale-kwale da damina, a ƙananan hukumomi irin su Taura da Auyo. Ambaliyar 2022 kuwa ta nuna mana cewa akwai shekarar da hanya za ta yanke, jirgi ya zama shi ne motar asibiti, shi ne ta kasuwa.

Gida a kan ruwa

Zama a cikin jirgi tsohuwar rayuwa ce a wannan yanki. Sarkawan Kabi da na Yawuri sun daɗe suna bin Kogin Neja da Binuwai neman kifi, su yi watanni ba su ga gida ba. A Mali, ƙabilar Bozo kan kwashi mata da yara da tukwane da kaji a cikin dogayen jirage, su bi kifi a yankin Mobti idan ruwa ya fara janyewa. A Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi, Hausawa masunta sun bi ruwan yana ja da baya suna binsa, daga Baga da Doron Baga har tsibirai irin su Darak. Kafin rikicin Boko Haram ya tarwatsa harkar, mutum kan shiga tafkin ya yi makonni bai taka babban tudu ba.

Rayuwar ba ta jin daɗi ba ce. Ɗakin kwana rumfa ce ta zana ko tampol da aka lanƙwasa a tsakiyar jirgi. Murhu kasko ne ko tsohon kwano da aka cika da yashi, don kada wuta ta taɓa katako. Guzuri gari ne da manja da gishiri da barkono da kayan shayi, miya kuma kifin da aka kama ne, tarwaɗa ko karfasa ko kurungu. Da magariba sauro ke karɓe gari, wanda ba shi da gidan sauro ba zai runtsa ba. Ashana da tocila da kuɗi ana ƙulle su a leda a rataye sama. Yanzu an samu ƙarin ƙaramin faifan sola na cajin waya.

Kowane kaya yana da wurinsa. Kalli da birgi da mamari a gefe guda, jarkar mai nesa da murhu, buhun gari a kan dandamali inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ba don son tsafta kaɗai ake haka ba. Idan nauyi ya karkata gefe guda jirgi zai karkata, kuma mai kwana a ciki a haƙarƙarinsa zai fara jin haka.

Aikin farko da asuba, bayan sallah, shi ne kwarfe ruwa. Da yankakkiyar jarka ko ƙwarya ake yi. Babu jirgin katakon da ba ya tsattsafo, don haka ganin ruwa a ƙasansa ba abin tsoro ba ne. Abin da masunci ke lura da shi shi ne yawansa. Ya san ƙwarya nawa ya saba kwarfewa kowace safiya. Idan na yau ya ninka na jiya, ya san wani wuri ya buɗe, kuma ba zai jefa taru ba sai ya nemo shi. Zai ɗaga dandamali, ya bi haɗin katakai da hannu, ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa. Katako mai lafiya ƙararsa daban, wanda ya fara ruɓewa daban. Inda ya yi shakka sai ya soka tsinin wuƙa. Idan ta shige kamar a rogo dafaffe, wannan katako ya gama aiki.

Ƙaramar ɓaraka a nan take ake maganinta. A cusa auduga ko tsumma ko zaren buhu a tsagar, a buga da ƙaramin itace har ya zauna, a bi da narkakkiyar kwalta. Tsaga mai faɗi a rufe ta da fallen gwangwani da ƙananan ƙusoshi kafin a kai ga kafinta. A Mali har man kaɗanya ake haɗawa da tsumma a yi toshiya. Shi ya sa a cikin jirgin mai kwana a ruwa ba a rasa guduma da ƙusa da tsumma da guntun kwalta, kamar yadda ba a rasa gishiri.

Idan jirgin mai inji ne, aikin ya ƙaru. Ƙananan injunan da aka saba da su sai an gauraya musu fetur da baƙin mai daidai gwargwado. Ana duba ko ruwan da ke sanyaya injin yana tsartuwa ta baya, domin idan ya tsaya injin zai ƙone. Ana cire ciyawa da zaren koma da suka naɗe farfela. Ana ajiye fulogi na ko-ta-kwana da igiyar tayarwa. Kuma komai sabuntar inji, ba a barin filafili da gorar tuƙi a tudu, saboda injin da ya mutu a tsakiyar kogi yana sa jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, kuma daga nan ake kifewa.

Wannan ba yana nufin masunta ba sa mutuwa a ruwa ba. Guguwa na kashe su, dorina na kifar da su, 'yan bindiga na tare su. Amma mutumin da zai shimfiɗa tabarma ya kwanta a kan katako, da zurfin ruwa a ƙarƙashinsa, ba ya buƙatar jami'in gwamnati ya tuna masa da duba wannan katako.

Yadda lodi da rashin gyara ke haɗuwa

Akwai abin da ya kamata kowane fasinja ya fahimta game da katako. Yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Duk mai ƙofar katako ya san haka: da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu ta yi sako-sako.

A jikin jirgi, katakan da ke cikin ruwa kullum a kumbure suke, sun matse juna, sun toshe kansu. Na sama kuwa, waɗanda rana ke duka, a bushe suke, kuma tsakaninsu akwai 'yan kafofi. Muddin kaya bai wuce ƙima ba, waɗannan kafofi suna sama da ruwa, babu matsala. Amma da an ƙara mutum goma da babura biyu da buhunan hatsi, jirgin sai ya ƙara nutsewa da tsawon tafin hannu, busassun katakan su shiga ruwa, ruwa ya fara shigowa ta wuraren da jiya ba sa yoyo.

Ruwa kuma yana da nauyi. Lita 1 kilo 1 ce. Cikin jarka 10 masu lita 20 kilo 200 ne, wato kamar an ƙara manyan mutane 3 waɗanda ba su biya kuɗin fito ba. Ƙarin nauyin ya ƙara danna jirgin, wasu kafofin su ƙara shiga ruwa. Sannan shi ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgin ya ɗan karkata sai ya kwarara gefen da ya karkata gaba ɗaya. Mata su firgita su miƙe, kowa ya ruga ɗaya gefen, shi ke nan.

Ƙusa ma tana da nata ciwon. Tana tsatsa a cikin katako inda ido ba ya gani, ta sirance, ramin da take ciki ya yi faɗi. Girgizar babban inji da aka ɗaura wa jirgin da asali don filafili aka ƙera shi tana ƙara sassauta ta. Jirgi mai lafiyar ƙusa idan ya daki kututture yana iya fashewa a wuri ɗaya, a samu lokacin kaiwa gaɓa. Wanda ƙusoshinsa suka mutu kuwa warwarewa yake yi. A Tafkin Kainji, inda ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa bayan kammala madatsar a 1968, irin waɗannan kututture suna nan a ƙarƙashin ruwa har yau.

Don haka idan aka ce lodi ne ya kifar da jirgi, an faɗi rabin magana. Lodi ya tarar da jirgin da dama a shirye yake ya ba da kai.

Jirgin fito ba shi da mai kwana a ciki

A nan bambancin yake. Sau da yawa mai jirgin fito yana gida, ya damƙa wa yara. Matuƙi kuma abin da zai samu ya danganta da yawan kawunan da ya ƙetarar, ko kuma akwai balas ɗin da dole ya kai wa maigida da yamma. Ranar da aka jawo jirgi tudu don gyara, ranar ba ko sisi. Ranar kasuwa kuwa, wadda ita ce ranar samu, ita ce ranar da jirgin ke ɗaukar nauyin da bai ɗauka ba duk mako. Wanda ya san inda ke yoyo ba shi da kuɗin gyara, wanda ke da kuɗin gyara ba ya shiga jirgin.

A Jigawa akwai ƙarin matsala ta musamman. Da yawa daga cikin wuraren fitonmu na damina ne kawai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa a Kogin Haɗejiya ya sauya, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, tana karkatar da shi inda ba a zata ba. Wuri zai bushe wata takwas, sannan a watan Agusta ya zama kogi. Duk tsawon wannan lokaci kwale-kwalen yana yashe a kan yashi. Hunturu ya busar da shi, zafin bazara ya tsattsage shi, gara ta shiga ta ƙasa. Ran da ruwa ya iso sai a tura shi, a ɗan liƙa kwalta a inda ido ya gani, a fara lodi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da ake yi ke nan da rayukan mutane.

Masunci ba zai yi haka da jirginsa ba. Jirgin da ya daɗe a tudu sai an jiƙa shi kwanaki ya sha ruwa ya kumbura, an sake masa toshiya, an gwada shi babu kaya, kafin a amince da shi.

Ba na cewa masu fito mugaye ne. Akasarinsu talakawa ne, kuma danginsu ne ke cikin jirgin. Kuɗin fito kaɗan ne, wani fasinjan ma sai ya ce a yi masa alfarma. Katako da ƙusa da kwalta sun yi tsada, fetur kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya cinye ribar masu inji. Itatuwa masu ƙwari irin su maɗaci da kawo sun yi ƙaranci, kafinta ya koma yin aiki da katako mai araha wanda ba ya jure ruwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma shi ruwa ba ya karɓar uzuri.

Shin a haramta jirgin katako?

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki wasu matakai. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da dokokin da suka hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, suka kuma wajabta sa rigar kariya. A 2025 ma'aikatar da ke kula da harkokin ruwa, a ƙarƙashin Minista Adegboyega Oyetola, ta ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, kuma ministan ya yi kira da a daina ɗaukar fasinja a jiragen katako, a koma na faiba da na alminiyam.

Rigar kariya abu ne mai kyau, kuma ga ɗan tudu irina ita ce bambancin rai da mutuwa. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. Maganar daina katako kuwa, ina ganin ba za ta yiwu nan kusa ba, kuma ko ta yiwu ba za ta kashe matsalar ba. Jirgin faiba kuɗinsa ya fi ƙarfin mai fiton ƙauye. Shi ma yana tsagewa idan ya daki kututture, kuma gyaransa sai da sinadarin da babu shi a kasuwar ƙauye, da gwanin da babu shi a bakin kogi. Jirgin katako kuwa kafintan gari zai gyara shi da guduma. Idan aka raba jiragen faiba ba tare da an gyara halin riƙo ba, bayan shekara uku za mu gan su a yashe a bakin gaɓa, mutane sun koma wa tsofaffin na katako a ɓoye, inda babu mai duba su.

Katako bai taɓa zama abokin gabanmu ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da wani kwale-kwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, kuma shi ne kwale-kwale mafi tsufa da aka gano a Afirka. Ke nan mutanen wannan yanki sun san sassaƙa jirgi da riƙonsa tun kafin a san ƙarfe. Ilimin yana nan, riƙon ne ya yi rauni.

A ƙasashen da suka ci gaba ma, abin da ke tsare masu zama a jirgi shi ne dubawa a kai a kai. A Ingila dubban mutane ne suka mayar da siraran jirage gidajensu a kan magudanan ruwa, har a cikin Landan. Sai mutum ya sabunta takardar lafiyar jirgi duk shekara 4, inda ake duba gas da mai da wayoyin wuta da kayan kashe gobara, kuma masu jiragen kan fito da su tudu duk shekara biyu ko uku su shafe ƙasansu da baƙin fenti mai kwalta, duk da cewa na ƙarfe ne. Turawan da ke kwashe iyalinsu su zauna a jirgi suna zagaya tekuna su ma safiyarsu irin ta masuncin Baga ce: a duba ruwan da ya taru a ƙasa, a duba inji, a duba igiyoyi. Kuma tun 1876 Ingila ta yi dokar da ta tilasta zana layi a jikin jiragen kasuwanci, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll. Idan ruwa ya rufe layin, an wuce ƙima, kuma kowa na gani.

Abin da za a iya yi kafin damina

Na farko, a mayar da duba jirgi wajibi a kowace tashar fito, sau ɗaya kafin ruwa ya iso, sau ɗaya a tsakiyar damina. Ba sai an jira injiniya daga Lokoja ba. Kusan kowane garin bakin kogi yana da Sarkin Ruwa, yana da dattawan masunta da kafintocin jirgi. Ƙaramar hukuma ta haɗa su da wakilinta da na hakimi, a ba su ɗan alawus, a jawo kowane jirgi tudu a kifa shi a gaban jama'a. Wanda ya ci jarrabawa a rubuta masa lamba da shekara a goshi.

Na biyu, a zana layin lodi da jan fenti a jikin kowane jirgin fito, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka. Gwangwanin fenti ɗaya zai ishi tasha guda. Amfaninsa shi ne tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya nuna layin ta ce ba za ta shiga ba, kuma babu mai ce mata tsoro ne ya yi mata yawa.

Na uku, kuɗin da ake kashewa a kan tawagar ta'aziyya a karkatar da wani abu daga ciki zuwa katako da ƙusa da kwalta. A ba ƙungiyoyin masu fito bashi marar ruwa na kayan gyara, su biya bayan damina. A tallafa wa kafintocin jirgi su ɗauki yara, domin sana'ar ba ta da magada da yawa.

Na huɗu, alhaki ya hau kan mai jirgi. Idan aka kama jirgi marar lamba yana lodi, a nemi maigidan da ke karɓar balas, kada a tsaya kan yaron da ke riƙe da gora.

Na biyar, inda fito ya zama na dindindin kuma jama'a suka yi yawa, gada ce magani. Amma gada tana ɗaukar shekaru, damina kuwa ba ta jira.

Mu kuma fasinjoji, musamman mu 'yan tudu, muna da namu. Kafin ka sa ƙafa, dubi ƙasan jirgin. Idan ka ga yaro yana ta kwarfe ruwa tun jirgi bai tashi ba, ka ga amsa. Dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi. Idan ba ta kai tsawon tafin hannunka ba, sauka ka jira sawu na gaba. Tambayi rigar kariya, kuma idan an ba ka ka ɗaure ta, kada ka zauna a kanta. Iyaye da malaman Islamiyya da masu kai amarya, ku raba yara sawu biyu ko uku ko da za a makara. Idan magariba ta yi, ku kwana a inda kuke. Kwana a gidan mutane ya fi zaman makoki.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu mai wuce ranarsa. Amma masuncin da ke kwana a tsakiyar tafki shi ma ya yi imani da ita, bai kuma fasa kwarfe ruwa da asuba ba. Abin da muke roƙo shi ne jirgin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya samu irin kulawar da mutum ke yi wa jirgin da zai kwana a ciki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwa, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kuma kiyaye na gaba.